Madubin Keke

Shekarar da sanƙarau ya shigo unguwarmu Muchia, a Sabon Garin Zariya, da bazara, mutum ɗaya ya kama a gidanmu, shi ne ɗana na fari. Yana aji uku a firamare. Ya kwanta a asibiti har muka fitar da rai, sai Allah Ya tashe shi. Ranar da aka dawo da shi gida, kakarsa ta tsaya a bayansa tana ta jera masa sannu, bai juyo ba. Ta ɗaga murya, bai juyo ba. Ta ɗauki murfin kwano ta saki a ƙasa, kaji suka watse, shi yana nan zaune yana kallon ƙofa. Daga baya likita ya tabbatar mana. Kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu kuma saura ɗan abin da ba a rasa ba, yana jin tsawa da kukan jirgin ƙasa, shi ke nan. Maganarsa tana nan tunda ya riga ya iya, sai dai wani lokaci ta fito da ƙarfi kamar mai faɗa, wani lokaci ta maƙale can ƙasan maƙoshi.

Ni facin keke nake yi a lokacin, a gindin wata darbejiya a Samaru, bakin titin da ɗaliban jami'a da leburorin gonar gwaji suke bi. Da sassafe nake hawa kekena daga Sabon Gari, sai bayan la'asar in dawo. A gida akwai mai ɗakina, da tsohuwata, da ƙannen yaron.

To, yadda muka tashi, mutum ba ya sakewa da ɗansa na fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka zaman hira da shi, ba ka tsayawa ka dube shi a fuska. Haka ubana ya yi da yayana har ya bar duniya, ban kuma taɓa jin yayana ya ce ba a son sa ba. In ina son buta, sai in fuskanci zana in ce, "A ce wa wannan ya kawo ruwa." Uwarsa ma ta fi ni, ko yabonsa aka yi a gabanta sai ta tashi ta shige ɗaki. Shi kuma an koya masa in babba yana magana ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Da kunnensa yana aiki, wannan bai taɓa damun kowa ba. Da kunnen ya tafi, sai ya zama da zanar nake magana da gaske.

Kakarsa ce kaɗai take kallonsa ido cikin ido, don ita mijinta take ce masa. Amma bakinta ba haƙori ko ɗaya, in tana magana leɓɓan shigewa ciki suke yi. Sai ya tsaya yana kallonta, can ya ce, "Tsohuwa, magana kike yi ko tauna?"

"Ka ci gidanku," in ji ta. "Mijin banza, ba cefane, ba kunne."

Bai san me ta ce ba. Ya ga tana dariya, shi ma ya yi.

Bai daɗe da komawa makaranta ba aka aiko in je. Hedimastan mutumin birni ne, dattijo, gashin bakinsa ya rufe leɓen sama ruf, goro kuma ba ya barin bakinsa. Ba mugu ba ne. Ya ba ni kujera, ya tambayi jikin yaron, sannan ya shiga magana.

"Malam, ciwo daban, tarbiyya daban. Na kira yaronka a asambile bai amsa ba, na ce to, kunne ne. Na jawo shi gabana ina yi masa faɗa, maimakon ya sunkuya sai ya matso ya ƙura mini ido. Na tsula masa bulala, ya sake ɗagowa ya ƙura mini. Wannan kuma ba kunne ba ne, tsaurin ido ne."

Na ce a yi haƙuri. Me zan ce? Ni ma na ga yana yi wa baƙina haka a zaure, har in rasa inda zan sa kaina.

Ya ce azuzuwa sun cika maƙil tunda gwamnati ta ce kowa ya kawo ɗansa, malami ba zai bar yara duka ya tsaya kan mutum ɗaya ba. "An ce akwai makarantar kurame can kudu. In ba za ka iya kai shi ba, ka koya masa faci. Taya ba ta buƙatar kunne."

A raina na riga na yarda, har na fara tunanin inda zan ajiye masa benci a gindin darbejiya. Sai aka yi gyaran murya a bakin ƙofa. Malamar ajinsu ce. 'Yar mutanen kudu ce, Kirista, amma haihuwar Sabon Gari, ubanta ma'aikacin reluwe ne. Gajeriya, duk gwiwar hannunta alli, Hausarta kuwa ta fi tawa tsabta.

"Ranka ya daɗe, ba idonka yake kallo ba," ta ce. "Bakinka yake kallo. Can kunnensa ya koma."

Hedimasta ya shafa gashin bakinsa. "Bakina?"

"In ya sunkuyar da kai, a wurinsa ka yi shiru ke nan. Ladabin da ya rage masa shi ne ya dube ka."

Suka yi ta ja, ni ina zaune ina juya hulata a hannu. A ƙarshe Hedimasta ya yanke magana. Al'adarsa ce a jarrabawar ƙarshen shekara shi yake shiga kowane aji ya kira shibta da lissafin ka da bakinsa, yara su rubuta. In yaron ya ci, ya wuce aji huɗu ya ci gaba da zama. In ya faɗi, in zo in ɗauke shi.

"Kuma ki sani," ya ce mata, "ba zan aske gashin bakina saboda ɗan aji uku ba."

Wata rana da ruwan sama ya hana ni fita da wuri, na biya ta makarantar na tsaya jikin taga. Malamar ta dawo da yaron bencin gaba, ta sa ya ba taga baya yadda haske zai sauka a fuskarta. Malaman da na sani a 'yan shekarun da na yi a makaranta, suna rubutu a allo suna magana, ƙeya kawai kake gani. Ita in tana rubutu bakinta a rufe yake, sai ta gama ta juyo sannan ta yi magana. Ba ta yawo a cikin aji, wuri guda take tsayawa kamar an dasa ta. In wani yaro ya ba da amsa daga baya, sai ta nuna shi da alli, ta maimaita abin da ya ce. In tana son yaron ya ɗago, ƙafar bencinsa take bugawa da takalmi, ya ji a jikinsa. Ƙararrawar makarantar guntun ƙarfen dogo ne da aka rataye a jikin mangwaro, in an buga, yarinyar da ke kusa da shi ta ja masa hannun riga. Ba wani kayan aiki ta samo daga ko'ina ba. Kanta ta horar, wanda a ganina ya fi horar da yara wuya.

Yaran da ke bin sa suna "kurma, kurma" ma ba ta dake su ba. An ce mini auduga ta kawo, ta sa kowa ya toshe kunne, ta juya musu baya ta kira shibta a hankali. Ajin gaba ɗaya ya faɗi. Ta ce musu, "To haka yake yini, kuma bai taɓa yi muku kuka ba."

Wata Asabar sai ga ta a Samaru kan kekenta na mata. Na duba taya lafiya, birki lafiya. Na ce, "Malama, me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi. Madubi nake so."

Ina da madubin keke ƙanana masu zagaye, irin da ake ɗaurawa a sitiyari. Na zaro ɗaya na ba ta. Ashe lokacin tara, in yara sun fita wasa, takan zauna kusa da yaron su duba madubin tare, ya ga bakinta ya ga nasa, ta gyara masa inda maganarsa ta fara karkacewa. A ranar ne ta ɗan taɓa mini labarin ƙanwarta da aka haifa ba ta ji, wadda ta girma a rumfar uwarsu a kasuwa ba ta taɓa taka aji ba. Jimla biyu ta yi a kai, ta hau kekenta.

Da shekara ta fara nisa sai ta sake dawowa, wannan karon fuskarta ba walwala. Ta zauna a bencin maƙwabcina mai shayi.

"Baban yaro, akwai matsala. Bakina ya haddace, ko daga ƙarshen aji na yi magana yana ɗauka. Amma bakin mace ne, ba gashi, ba goro. Ranar jarrabawa bakin Hedimasta zai karanta. Jiya na gwada shi da malamin aji biyar, rabi ya kama. Ina neman namiji mai gashin baki, mai cin goro, wanda zai zauna da shi kullum."

Tana faɗa tana kallon fuskata. Mai shayi ya ajiye butarsa ya fashe da dariya. "Ai ga shi nan zaune, Malama. Har da jan haƙori."

Na ce, "Malama, ɗan fari ne."

"Na sani. A Sabon Gari aka yanke mini cibiya, ba jiya na sauka daga jirgi ba."

"To kin san ba ya yiwuwa. Akwai ƙanena a Basawa, sai a yi masa magana."

"Na gan shi ranar da ya rako yaron. Fuskarsa kamar ƙwai."

"Ni in zauna in fuskanci yaron nan ina wangale masa baki kamar mai ciwon haƙori? Uwata tana raye fa. Kafin magariba unguwa ta ji."

Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta ce al'adarmu ta banza ce ba, wanda da ta faɗa da maganar ta mutu a nan. Ta dubi keken wani ɗalibi da na kafe a gefe. Can ta buɗe jaka ta fito da madubin nan, ta ce in ɗaura shi a sitiyari. Na ɗaura. Ta ce in zauna a gefe. Ta koma ɗaya gefen ta karkata shi kaɗan.

"Duba nan. Me ka gani?"

"Bakinki."

"Idona fa?"

"Bai kai ba. Madubin ƙarami ne."

"To ka dube ni?"

"A'a."

"Ni na dube ka?"

Na sake leƙa madubin.

"Madubi kake kallo, shi ma madubi zai kalla. In ka ga dama ma ka dubi sifanarka. Wa ya taɓa hana mai faci kallon kayan sana'arsa?"

Mai shayi ya riƙe baki. "Wallahi da matar nan lauya ce da gidan yari ya zama kango."

Washegari da na dawo, na ɗaura madubin a sitiyarin kekena, na kafe shi a ƙofar zaure inda akwai sauran haske, na fuskanci zana na ce a ce wa wannan ya zo. Kakarsa ta turo shi. Ya ga madubin ya gane, don ya saba da shi a makaranta. Ya zauna ta hagu, na zauna ta dama, na jefa goro a baki kamar yadda Malama ta ce. Sai na rasa abin faɗa. Na dubi keken na ce, "Sarƙa."

"Sarƙa!" ya ce, da ƙarfin da sai da akuyar gidan ta zabura.

"Birki."

"Birki!"

"Sirdi."

Ya ƙara duba madubin. "Baba, sake."

Na sake. Ya kama. Tun da ya kwanta ciwo, wannan ce maganar farko da ta fita daga bakina ta isa gare shi ba ɗan aike.

Tsohuwa tana leƙe ta bayan zana. "Oho," ta ce, "yau kuma keke ake koya wa magana? To Allah Ya sa ya fi mijina ji." Ta san me ake yi sarai, amma tunda madubi muke kallo ba ta da abin kamawa, ina jin kuma ba ta so ta samu.

Da kayan keke suka ƙare muka koma kayan miya, da sunayen unguwanni, da lissafi. Karatuna bai yi nisa ba, amma bakwai a tara da biyar bai fi ƙarfina ba. Wata rana ya gaji ya ce, "Baba, ka tofar da goron mana."

Na ce wa madubin, "Malama ta ce kar a tofar."

Ran Asabar nakan ɗora shi a ƙarfen gaba mu tafi Samaru. Sai in karkata madubin daga hanya in maido shi kan bakina, ina tuƙi ina kira yana amsawa. Sau ɗaya wata gingimari ta kusa kwashe mu ta baya, tunda ba na ganin abin da ke tafe, muka ƙare cikin ciyawa. Ban gaya wa uwarsa ba.

Ɗaliban da ke kawo faci suka sa ni gaba. "Mai keke, yau lacca ake yi wa madubi? Sai mu fara ce maka farfesa." Da suka gane abin da ake yi, sai suka fara bin layi. Lokacin ana yayin tara suma da gemu da wando mai faɗin ƙafa, to bakuna iri-iri ya samu, mai gemu, mai wushirya, mai sauri, mai haɗa Hausa da Turanci. Su ba ruwansu da madubi, gabansa suke tsugunawa. Ni ne kaɗai mai sitiyari.

Ranar jarrabawa na ce wa mutanen gida sarƙata tana ƙara, ba zan kai Samaru ba. Na tura keken har makaranta na tsaya a wajen tagar nan.

Hedimasta ya shigo, yara suka miƙe suka gaishe shi. Abin da ni da Malama ba mu sa a lissafi ba, shi ba a tsaye yake kiran shibta ba. Hannu yake goyawa a baya ya yi ta zagawa tsakanin layukan benci, don ya kama masu leƙen na wani. Kalmar farko daga ƙarshen aji ya kira ta. Ta biyu ma haka. Yara suka duƙa suna rubutu. Nawa yana zaune da fensir a hannu yana kallon allo, bai ma san an fara ba. Da ya ga na kusa da shi suna rubutu sai ya shiga waige-waige.

Malama tana tsaye jikin bango. Ba ta da ikon katse Hedimasta a gaban yara, ta kuma san in ta yi, ya samu dalili. Sai ta tako a hankali ta shiga tsakanin bencin da zai biyo, ta durƙusa har ƙasa a kan hanyarsa, ta sunkuyar da kai irin na 'ya'yan gidan mutunci.

"Ranka ya daɗe, an ajiye maka kujera a gaba."

Hanyar matsattsiya ce, ba zai tsallake mace a durƙushe ba, ba kuma zai tsawata wa wadda ta yi masa ladabi ba. Ya tsaya yana kallonta yana tauna goronsa. Can ya ce, "Tashi, Malama. Kin fi ni iya Hausa yau."

Ya zagaya ya tafi gaba. Kujerar tana daidai inda ita take tsayawa, inda haske ke sauka. Ya zauna. Yaron ya ɗago ya ƙura masa ido. Na ga Hedimasta ya ɗan motsa kafaɗa, don abin bai daina yi masa nauyi ba. Sai ya sa ɗan yatsa ya ɗage gashin bakinsa sama, ya ce, "A goge. Daga farko."

Fensirin yaron ya fara tafiya. Ban jira sauran ba, na koma gindin mangwaro na zauna.

Ranar da aka ba da sakamako aka ce in je. Bai zo na ɗaya ba, bai ma yi kusa ba, tsakiyar aji ya faɗo. A shibta ya zubar da kalmomi, a lissafi ya yi kyau. Hedimasta ya ce mini, "Ya wuce. Ka gaya masa..." Sai ya tsaya. "A'a, bari. Kira mini shi." Aka shigo da shi, ya durƙusa, ya ɗago kai. Hedimasta ya sunkuyo daidai fuskarsa ya ce a hankali, "Aji huɗu." Na lura gashin bakin nan an rage shi har leɓe ya fito. Da ya ga ina kallo ya ce wanzami ne hannunsa ya zarce.

Malama ce ta je ta zauna da malamin aji huɗu ta koya masa tsayuwa wuri guda, haka ta yi da na aji biyar. Kafin yaron ya gama firamare aka yi wa mijinta canjin aiki suka bar Zariya, ban sake ganinta ba. Na ga masu ilimi da yawa a gindin darbejiyar nan, wasu har da gilashi da jakar hannu, amma in aka ce malami, ita nake tunawa a durƙushe tsakanin benci. Yaron yanzu magidanci ne, yana buga tafireta a wani ofis a Samaru. Har yau ba na kiran sunansa.

A ranar sakamakon, da muka fito, na ɗora shi a ƙarfen gaba muka kama hanyar Muchia. Madubin yana nan a karkace yadda muka bar shi, na manta ban maido shi kan hanya ba. Ina tuƙi ina yi wa matar nan addu'a a hankali, ita da iyayenta da ƙanwar tata, ban san bakina yana motsi ba.

"Baba, me ka ce?"

Na ce wa madubin, "Ban ce komai ba."

"Bakinka ya motsa."

"Goro nake tauna."

Ya ƙara matsawa kusa da madubin ya duba da kyau.

"Baba, yau ba ka ci goro ba."